Maki Biyu a Tambaya ta Bakwai

Shekara ashirin da biyu Malama Tukuna ta yi tana duba takardun jarrabawar lissafi ta kammala sakandare, goma sha ɗaya daga ciki tana shugabar tebur. Bara ne ta yi kuskuren da ya shafi takarda dubu ɗaya da ɗari ɗaya, kuma ita da bakinta ta kai ƙarar kanta, alhali ta san abin da hakan zai iya jawo wa kujerarta.

Tukuna ba sunanta na yanka ba ne. Abokan aiki ne suka laƙaba mata, domin duk wanda ya ɗaga biro zai zana wa yaro sifili sai ya ji muryarta daga kan tebur: "Tsaya tukuna." Sunan ya bi ta, har mai gadin ƙofa da shi yake gaishe ta, tana kuma amsawa.

Aikin na kwana goma ne a shekara, bayan an gama jarrabawa. Ana yin sa a babban ɗakin taro na wata makaranta da ke hutu. Tebura goma sha biyu ne, kowanne da mai duba shida da shugaba ɗaya. Fankoki takwas ne a sama, biyar ke juyawa. Masu duba suna riƙe jan biro, shugabannin tebur kore. Waya ba ta shiga, akwai kwalin da ake zuba su a bakin ƙofa. Da safe magatakarda yakan fito da ƙunshi-ƙunshi daga sito, kowane ƙunshi takarda hamsin, babu sunan yaro a kai sai lamba. Da yamma a ƙirga, a ɗaure, a mayar. Aikin shugabar tebur shi ne ta zare biyar daga kowane ƙunshi ta sake dubawa, ta ga ko an bi takardar jagora, wato takardar da ta faɗi inda ake ba da kowane maki. Akwai kuma dokar da kowa ya sani: teburin da aka samu da babban kuskure, shugabansa ke ɗauka, kuma galibi ba a sake kiransa.

A teburinta na bara akwai sabuwar malama da ake kira Amarya, duk da cewa ɗanta ya fara tafiya. Wannan ne zuwanta na farko. Ranar Litinin da aka fara, kafin hantsi ya dubi ludayi, Malama Tukuna ta hango ta tana zana sifili uku a jere.

"Amarya, tsaya tukuna. Miƙo takardar nan."

"Malama, ai amsar ba daidai ba ce. Takwas ne a jagora, shi kuma huɗu da ɗigo bakwai ya rubuta."

"Na gani. Karanta mini tambayar."

Tambayar kan tankin ruwa ce, tsawonsa mita huɗu, faɗinsa uku, zurfinsa biyu. Kashi na farko a nemo girman ƙasan tankin. Na biyu a nemo yawan ruwan da zai ci. Na uku, in inji yana zuba uku a awa, awa nawa zai cika. Amsoshin su ne goma sha biyu, ashirin da huɗu, da takwas.

"To, shi me ya yi?"

"Ya rubuta huɗu sau uku, sai ya ce bakwai."

"Ya san sau ake yi, hannunsa ne ya tara. Ba shi makin hanya, ki hana shi makin amsa. Sai kuma me?"

"Sai ya ɗauki bakwai ɗin ya yi sau biyu, ya samu goma sha huɗu."

"Bakwai sau biyu nawa ne?"

Amarya ta yi dariya. "Goma sha huɗu mana."

"Goma sha huɗu a raba uku fa?"

Amarya ta yi lissafin a gefen takardarta. "Huɗu da ɗigo bakwai."

"To ina laifinsa na biyu, ina na uku? Sau ɗaya ya yi tuntuɓe, ke kuma kin kayar da shi sau uku."

Wannan shi suke kira bin sawu. In yaro ya yi kuskure a sama, ya ɗauki gurguwar lambarsa ya ci gaba da ita ta hanyar da ta dace, mai duba ba ya tsayawa a kan amsar jagora. Sai ya ɗauki lambar yaron, ya yi lissafin da ita, ya ga ko za su isa wuri ɗaya. In sun isa, a ba yaro makinsa. Yana da sharuɗɗa. Dole yaron ya nuna aikinsa a fili. Kada kuskuren ya mayar da tambaya mai wuya ta zama wasan yara. Kada amsar ta zama abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar tankin da zai cika kafin a kunna inji. Sharaɗin da ya fi kowanne kuwa, sai inda jagora ta yarda. Akwai wuraren da takan ce amsar daidai kaɗai, a nan ko yaro ya bi hanya kamar jirgin ƙasa ba a ba shi.

"Amma Malama, wannan ai sai mutum ya yi jarrabawar nan sau hamsin a ƙunshi ɗaya," in ji Amarya.

"Shi ya sa aka kira malamin lissafi, ba a kira mai gadi ba. Da amsar ƙarshe kawai ake dubawa, ai shi ma zai iya."

Wani malami a ƙarshen teburin, wanda ake kira Sarkin Sauri don shi ke fara gama ƙunshinsa kullum, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "Amarya, ki yi haƙuri. Mu ma haka aka yi mana. Ni shekara bakwai ke nan ana tsayar da ni."

"Kai ko birki aka sa maka ba ka tsayawa," Malama Tukuna ta ce da shi.

Malama Tukuna 'yar kafinta ce. Tun tana ƙarama ita ke riƙe wa mahaifinta bakin awo, tana faɗa masa lamba yana rubutawa a jikin katako da fensirin da ke maƙale a kunnensa. Ta fara koyarwa tana da shekara ashirin da uku, yanzu ta yi talatin da ɗaya a aji, goma sha tara daga ciki a makaranta ɗaya. Gidansu ɗaki uku ne a bayan jerin shaguna. Shagon da ke gaba na maigidanta ne, mai gyaran keken ɗinki, inda kawunan kekuna ke jere a kan kanta kowanne da takardar mai shi ɗaure a wuya. 'Ya'yansu huɗu, uku sun tashi, auta ce kaɗai a gida. A falo akwai ƙaramin tebur a ƙarƙashin taga, da gwangwanin madara cike da birai, rabinsu sun daina rubutu amma ba ta yarda a zubar.

A kwanaki goman nan maigidan ne ke kai ta a babur da safe, ya ɗauko ta ƙarfe biyar. Auta ke riƙe da kicin. Maigidan yakan ce ya fi kowa sanin aikin nan ba tare da ya taɓa shiga ɗakin ba.

"A gidan nan ko gishiri ne ya yi yawa a miya, ba a faɗa," in ji shi. "Sai an zauna an bi sawu, a gano daga cokali na nawa abin ya lalace."

Ita kuwa abin da take so a aikin shi ne rubutun yaran da ba ta sani ba kuma ba za ta taɓa gani ba. Ta ce tana gane inda hannun yaro ya fara rawa, da inda ya ji an ce saura minti goma, da inda ya soke amsar daidai ya rubuta ta banza. Wasu kan bar saƙo a shafin ƙarshe, suna roƙon a taimake su don Allah. Saƙon ba ya da maki. Amma layin da yaro ya rubuta yana ƙoƙari, ko da lambar da ke ciki gurguwa ce, wannan tana iya yi masa wani abu a kai.

Ga yadda kuskuren nata ya faru. Ranar farko, kafin a buɗe ƙunshi ko ɗaya, Shugaba, wato babban mai duba na ɗakin gaba ɗaya, yakan tara shugabannin tebur ya karanta musu gyare-gyaren da aka yi wa jagora bayan an buga ta. Kowa ya rubuta a gefen tasa, ya koma ya karanta wa mutanensa. Bara gyara tara ne. Ɗaya daga ciki ya ce kashin ƙarshe na tambaya ta bakwai, wanda aka buga da amsar daidai kaɗai, yanzu a bi sawu, maki biyu. Tambaya ta shida da ta bakwai a shafi ɗaya suke, wannan a kan wannan. Malama Tukuna ta rubuta gyaran a gefen ta shida. Da ta karanta wa teburinta, babu wanda ya yi mamaki, domin ta shida dama an yarda da bin sawu a cikinta. An ɗauka nanatawa ce kawai. Ta bakwai kuwa ta zauna yadda aka buga ta. Duk biyar-biyar ɗin da take zarewa tana sake dubawa, da jagorar tata take auna su, don haka komai ya yi ta fitowa daidai.

Ranar Alhamis a hutun rana, tana zaune a baranda da kofin shayi da burodi, kusa da Dogo, shugaban teburin da ke maƙwabtaka da nata. Tare suka fara wannan aiki, kuma ba su taɓa rabuwa ba tare da sun yi musu ba.

"Wanda ya rubuta jagorar bana ba shi da tausayi," ta ce. "Tambaya ta bakwai ɗin nan tana cin yara. Yaro ya yi komai daidai da lambarsa, a ce ba a ba shi."

Dogo ya tsaya da tauna. "Wace ta bakwai?"

"Kashin ƙarshe."

"Hajjaju, ai an gyara tun ranar Litinin. Mu muna bayarwa."

"Ta shida aka ce."

"Ta bakwai aka ce. Ta shida me za a gyara mata?"

Ta ajiye kofin. Ta shiga ta ɗauko jagorarta, ya ɗauko tasa, suka jera. Suka leƙa ta shugabar tebur na uku, wadda ta bar tata a buɗe. Biyu sun ce bakwai. Tata kaɗai ta ce shida, da koren rubutunta mai kyau.

Dogo ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ƙunshi nawa kuka mayar?"

"Ashirin da biyu."

"Kai!" Ya sosa ƙeya. "To, ni dai shayi nake sha. Ban ji komai ba, ban ga komai ba. Ki gyara daga yau, shi ke nan."

Abin da Dogo ya faɗa mai yiwuwa ne. Ƙunshi ashirin da biyun suna sito a ɗaure, mota za ta kwashe su ranar Asabar da safe. Shugaba ba ya duba fiye da 'yan ƙalilan, kuma ba kowane yaro ne ya taɓa tambaya ta bakwai ba. Da wuya a gano. In kuwa ta faɗa, sai an rubuta a rahoto, kuma rahoton ne ake dubawa in za a kira mutane baɗi. Shekara goma sha ɗaya babu ɗigo ko ɗaya a gaban sunanta.

Ta ce ba ta daɗe tana tunani ba, amma ba za ta ce ba ta yi ba. Ta shanye shayin da ya huce, ta wanke kofin a famfo, ta koma ciki. Da mutanenta suka zauna, ta ce kowa ya ajiye biro.

"Na yi muku ɓarna," ta ce, ta juya musu jagorar, ta nuna wurin.

Sarkin Sauri ne ya fara magana.

"Malama, maki biyu ne fa. Cikin ɗari."

"Kai da kake aji, ba ka taɓa ganin yaron da maki ɗaya ya hana shi wucewa ba?"

"Na gani. Amma takarda dubu da ɗari! An ɗaure, an rufe. Kuma ke za a ɗora wa."

"Ni ce na rubuta, wa kake so a ɗora wa? Kafinta?"

Wata dattijuwa da ake kira Goggo, wadda ba ta cika magana ba, ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Dama tun shekaranjiya raina bai kwanta da tambayar nan ba. Akwai wata yarinya, ko yaro ne oho, rubutu kamar na inji, sai da na ji kamar na yi kuka da na hana ta."

"Malama, za su kore ki?" Amarya ta tambaya.

"Ba a kora a nan, 'yata. Wasiƙa ce kawai ba ta zuwa."

Shugaba yana zama ne a ɗakin karatu na makarantar, a tsakanin kantocin littattafai. Tsohon sufeton makarantu ne, ɗan gajere, tabarau rataye a wuya da igiya. Ta yi sallama, ta ajiye jagorar a gabansa, ta yi bayani a tsaye. Ya sa tabarau ya duba shafin, ya daɗe.

"Zauna, Malama. Wa ya gano?"

"Ni, ranka ya daɗe. Wajen shan shayi."

"Ba wanda ya kama ki?"

"Babu."

"Kin san sai na rubuta?"

"Na sani."

"Kuma kin san ba ni ke zaɓen mutanen baɗi ba. Ni rubutawa nake yi, wasu su karanta."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ƙunshin nake so a fito mini da su."

Ya cire tabarau ya sake shi ya faɗa kan ƙirjinsa. "Shekara nawa muna tare, ban taɓa zaton ke za ki zo mini da irin wannan ba. To, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Mota na zuwa Asabar ƙarfe takwas. Ba zan tsayar da ita ba, ba kuma zan rage muku aikin yau da na gobe ba, don sauran tebura ba su yi laifi ba. In kun gama kafin a rufe gobe, su tafi a gyare. In ba ku gama ba, sai na aika da su da takardar bayani a sake dubawa a can, wannan kuwa ya fi muni a gare ki."

Ya rubuta wa magatakarda 'yar takarda. Tana bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Zan rubuta cewa ke kika kawo kanki. Wannan ma gaskiya ce."

Ƙarfe biyar maigidan ya zo. Tun kafin ta hau babur ya dube ta.

"Malama, lafiya? Fuskarki kamar wadda aka ba sifili."

"Ni na ba kaina."

Ta ba shi labari a hanya, tana magana a bayan kunnensa, iska tana kwashe rabi. Da suka isa ƙofar shago ya kashe babur, bai sauka ba.

"Yanzu da kin yi shiru ba mai sani?"

"Ba mai sani."

"To ai da mun shiga uku a gidan nan. Shekara guda ba za ki bar kowa ya sha ruwa da daɗi ba." Ya sauka ya jingine babur. "Gobe ƙarfe nawa ake buɗe ƙofar?"

"Bakwai."

"Shida da rabi muna can."

Aikin ba buɗewa da rufewa ba ne kawai. Kowace takarda sai an nemo tambaya ta bakwai, wadda wani yaro ya sa a shafi na biyu, wani a na ƙarshe, wani ya raba ta gida biyu. In ya yi kuskure a sama, sai a ɗauki lambarsa a yi lissafin da ita. In ya cancanta, a soke tsohon maki, a rubuta sabo, a gyara jimillar da ke bangon takarda, a gyara ta takardar tattara maki, shugabar tebur ta sa hannu da kore a wurare ukun. Sun yi ƙunshi shida a yammacin Alhamis. Saura goma sha shida, ga kuma aikin Juma'a na kansa.

Sarkin Sauri, wanda ya fi kowa ƙorafi, shi ya tsara yadda za a yi. Ya ce mutum biyu su riƙa buɗewa suna ware waɗanda ba su taɓa tambayar ba da waɗanda suka ci ta duka, uku su yi lissafi, Goggo ta riƙe jimilla. Ya gama ƙunshinsa na ranar kafin sha ɗaya, ya ɗauki na Amarya ya rage mata.

"Yau dai saurin naka ya yi rana," Malama Tukuna ta ce.

"A rubuta a rahoto, Malama. Kada a rubuta naki kaɗai."

Ba su fita hutun rana ba, a kan tebur aka kawo musu shayi. Wajen ƙarfe biyu Dogo ya jawo kujerarsa ya zauna a gefenta, ya miƙa hannu ya ɗauki ƙunshi.

"Ba kai ne ba ka ji komai ba?"

"Har yanzu ban ji ba. Fankar wajenku ce ta fi tamu juyawa."

Biyar saura kwata suka ɗaure na ƙarshe. Cikin takarda dubu da ɗari, yara ɗari shida da arba'in ne suka taɓa tambayar. Ɗari da saba'in da uku sun samu ƙari, yawancinsu maki biyu, wasu ɗaya. Nawa ne daga cikinsu ƙarin ya tsallakar da su, babu wanda ya sani a ɗakin, domin ba a nan ake yanke makin wucewa ba, kuma sai bayan wata biyu. Malama Tukuna ta ce ba ta taɓa neman sani ba. Yatsunta uku sun yi kwana biyu ba sa lanƙwasuwa sosai, auta ce ta riƙa shafa mata man zafi.

Bana wasiƙar ta makara da mako guda. A makon nan, in ji maigidan, sau uku tana fitowa shago tana tambaya ko an kawo wani abu, abin da ba ta taɓa yi ba. Da wasiƙar ta zo, ta buɗe ta a tsaye a tsakanin kekunan ɗinki. An kira ta, amma a matsayin mai duba, ba shugabar tebur ba. An sa ta a teburin Dogo.

Ba ta ɓoye cewa abin ya sosa mata rai ba. Kwana biyu ba ta da walwala, har auta ta riƙa tafiya a hankali a cikin gida. A rana ta uku ta aiki autar ta sayo mata jajayen birai huɗu.

Dogo ya karɓe ta da tsokana tun daga bakin ƙofa. "Sabuwar ma'aikaciya, an iso? A nan muna da doka, ba a gyara shugaba."

"In shugaba ya iya tarawa, ba za a gyara shi ba."

Ta ce abin da ba ta zata ba shi ne yadda ta sake jin daɗin aikin. Shekara goma sha ɗaya tana duba aikin manya, tana ganin biyar cikin hamsin, tana sa hannu. Yanzu ƙunshi nata ne daga takardar farko zuwa ta ƙarshe, tana ganin makaranta guda a gabanta, har takan gane malamin da ya koyar da su daga irin kuskuren da suke yi iri ɗaya. Ba ta zuwa taron safe, ba ta cike takardun shugabanni. In an tashi, ta tashi. Amarya tana wani tebur can gefen taga, takan zo mata da takarda a hutun rana su duba tare.

Ranar da aka rufe, Shugaba ya tsayar da ita a baranda ya ce hukuncin na shekara ɗaya ne, zai ba da shawarar a mayar da ita shugabancin tebur baɗi, in tana so. Ta yi masa godiya, ta ce ya ba ta lokaci ta yi shawara da mai babur. Har yanzu ba ta ba shi amsa ba, kuma ba ta nuna alamar gaggawa.

Takarda ɗari biyar da hamsin ta duba bana. Dogo ya zare hamsin da biyar ya sake dubawa, ya samu saɓani a uku. Biyu ta duba ta ce gaskiyarsa, ta gyara. Ta ukun, wani yaro ne da ya yi kuskure a layin farko, ya soke, ya gyara, sannan ya manta, sai ya ci gaba da lambar da ya soke. Dogo ya ce maki ɗaya, ita ta ce biyu. Da yake shi ke riƙe da kore, ɗaya aka rubuta. Ranar Lahadin da ta wuce ya kawo keken ɗinkin matarsa gyara, suka sake tayar da maganar a ƙofar shago, har sai da maigidan ya ce ko su shiga ciki ko su matsa, suna tare masa haske.